Gyaran Kalifar Birki a Tsakar Gida

Kalifa ita ce ƙarfen da ke rungume da faifan birki a bayan taya. A cikinta akwai fistin, wanda man birki ke turowa idan direba ya taka, shi kuma ya matse takalman birki a jikin faifan. A mota irin Toyota Corolla fistin ɗaya ne a kowace kalifar gaba. Idan robar da ke kare shi ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sukan shiga, ya yi tsatsa ya maƙale, mota ta riƙa janyewa gefe guda, taya na zafi tana ƙauri. Mai hankali kan kai wa bakanike. Bayanin nan ya shafi maigidan da ya ce ai ba wani abu ba ne.

Ana sayo sababbin robobi, a Kano a Ƙofar Ruwa, a Kaduna a Panteka. A ɗaga mota da jak, a tokare ta da ƙarfe. Bulo ba ya cikin kayan aiki, ko da yake shi aka fi gani. A cire taya, a kwance tiyon mai, a sauke kalifa. Man birki yana cin fenti, kuma maigida yakan samu wannan ilimi ne bayan ya ɗora galan a kan bonet.

Da iska ake fitar da fistin, bayan an sa katako a gabansa don ya tare shi. Maigida yakan ga neman katako ɓata lokaci ne. Fistin da ya daɗe a maƙale ba ya fitowa da sallama: yakan yi tsit har a zaci iskar ba ta shiga, sannan ya yi fitar burgu da ƙarar da ke watsa kaji, ya nufi abin da ya fi tsada a tsakar gidan, galibi randa. Idan yatsa na kan hanya, da shi yake farawa.

Da sabon man birki ake wanke kayan. Kananzir da fetur da baƙin mai suna kumbura robar birki. Kwanon da aka ɗauko daga ɗakin girki don wannan wanki ya gama aikin abinci har abada, kuma uwargida takan rubuta shi a matsayin bashi. Fistin da tsatsa ta yi wa ramuka sai canji, sanfefa ba ta maido shi. Saka zoben roba na ciki minti ɗaya ne. Robar waje ce fitina, ana danna wannan gefe wancan yana tashi, a kanta ake jin kiran sallar Magariba. Kalifar baya da ke haɗe da birkin hannu, kamar ta Golf, murɗa fistinta ake yi. Guduma ba ta taɓa shawo kanta ba.

Wajen mayarwa, notin fitar da iska dole ya kalli sama. Wanda ya musanya kalifar dama da ta hagu zai kwana yana neman iskar da ba za ta fito ba.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, don haka ake roƙon wadda aka fasa wa randa ta zauna a kujerar direba. Maigida na kwance a ƙasa yana ihu, "Taka! Riƙe!" ita kuma tana amsawa, "Malam, tuwona fa yana kan wuta." Da ta ɗaga ƙafa kafin a ɗaure notin, iska ta koma, a sake lale. Haka ma idan tankin man birki ya ƙafe ana tsakiyar aiki. Man birki nau'in DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa, ba a gauraya su da DOT 5. Ƙa'idar sabon DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma yana shan danshi, shi ya sa ragowar da ta shekara a buɗe a bayan ƙofa ba ta da amfani.

Bayan an ɗaura taya, sai an taka birki sau da dama har ya yi tauri kafin a sa giya, domin takun farko har ƙasa yake tafiya. Wanda ya manta, ƙofar gida ce ke tsayar masa da mota. Mai walda kuɗinsa daban, kuma bakanike yakan caji aikin da aka riga aka taɓa fiye da wanda aka kawo masa tun farko.