Jama'ar Ƙofar Sabon Ciyaman

A Janairun 2021, jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 na Jihar Kano, ko ɗaya ba ta bari ba. A Oktoban 2024 hukumar zaɓen jihar, KANSIEC, ta sake kafa akwati, sai NNPP ta kwashe 44 da 484 cif. Mu dai ba mu ce komai ba. Allah ne ya yi wa masu ƙuri'a baiwar haɗin kai: duk inda gwamna ya sa gaba, nan suke bi. Amma wanda yake son kallo ya je sakatariya washegarin rantsuwa. Ga waɗanda zai tarar.

Na farko shi ne mai hula biyu. Jiya tsintsiya yake ɗagawa har kafaɗa ta yi tsami, yau jar hularsa ta fi ta kowa ja, har alamar ninkin kanti ba ta baje ba. Idan ka tuna masa sai ya rage murya: "Ai jagora ya sani, aiki aka tura ni can." Tsohuwar hular tana ƙasan akwati a wanke, domin mulki juyi ne.

Sai sojan baka. Shekara uku yana shiga rediyo da daddare yana rantsuwa cewa ba a taɓa yin ciyaman kamar wanda ya sauka ba. Yanzu da wannan muryar yake sanar da mu cewa mutumin nan ko kwalbati bai gina ba. Bai canza ko kalma a yabonsa ba, suna kawai ya cire ya sa wani.

Ga kuma ɗan wahalar tafiya. Shi ya manna fasta, shi ya sha duka a hannun 'yan jagaliya, kuma tabon na nan a goshi, da shi yake gaisawa. Muƙamin mai ba da shawara yake jira. Wata uku ana ce masa "sunanka na kan teburin mai girma". A wata na huɗu za ka ji shi a teburin mai shayi yana cewa an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, muƙaman kuwa an raba wa masu hula biyu.

Malam mai hange shi ma ya iso da carbinsa. Tun kafin a tsayar da ɗan takara ya gani a istihara. Gaskiya ya faɗa, domin duk 'yan takara huɗun da suka je zaurensa ya yi wa kowannensu albishir. Ukun da suka faɗi, sadakarsu ce ba ta cika ba.

Sabon dangi kuwa da asuba yake sallama. Kakarsa da kakar ciyaman a rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa, saboda haka "ɗana" yake ce masa. Ba ya son komai, zumunci ne ya kawo shi, sai dai rumfa ɗaya a kasuwa da takardar ɗaukar yaro aiki.

Sabon kansila ya fi kowa ban tausayi. Ya ɗinka shadda, ya hana a kira shi da sunan da aka raɗa masa, sai Honorabul. Ya yi wa mazaɓa alkawarin asibiti da rijiyar burtsatse. Ya ji cewa a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, har ya fara taya mota. Da ya tambayi ciyaman, sai aka ce masa ana jiran umarni daga sama. Yanzu ta ƙofar baya yake fita, saboda masu katin suna da takardar magani sun cika ta gaba.

Akwai wanda duk wannan bai dame shi ba: tsohon ma'aikacin sakatariya. Ya ga kantomomi, ya ga zaɓaɓɓu. Shi yake sauke hoton wancan ya rataya na wannan a ƙusa ɗaya. Duk sabon tsarin da ciyaman ya zo da shi, zai rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka aka saba ba," fayil ya koma barci.

Mutum ɗaya ne ba za ka gani a wurin ba, wato mai ƙuri'a. Ranar zaɓe ya je rumfa da hantsi, kayan aiki ba su iso ba. Ya koma bayan Azahar, aka ce an tashi. Da yamma ya ji a rediyo ana yi masa godiya bisa fitowar da ya yi ƙwansa da kwarkwata. Ya ce madalla, ashe ya yi zaɓe.