"Make up": Kalma Biyu, Aiki Biyar

Bature ya ɗauki "make" ya liƙa mata "up", ya sake su gari suna aikin mutum biyar.

Amarya ta zauna gaban madubi tana shafa hoda da jambaki, "make up" take yi. Ango ya shigo ƙarfe biyun dare ya shirga ƙaryar wai taya ce ta fashe, shi ma "make up" ya yi. An sha faɗa, gari ya waye sun shirya, nan ma "make up" ne.

A Amurka, ɗalibin da jarrabawa ta wuce shi "make-up" ake ba shi ya rama. In ya tsaya inda-inda kuwa, malami ya daka masa tsawa: "make up your mind", wato yanke shawara, yaro!