Zuwa ga Bazazzagi Mai Digirin Sanin Hali

Gaisuwa mai yawa zuwa ga bawana Bazazzagi, da fatan ka karya kumallo, in an samu.

Labari ya iso mana Kano cewa ka kammala digiri a fannin saikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam, a Jami'ar Jos, har ka ɗauki hoto da burmemiyar riga da hula mai jela. Barka da arziki. Jami'ar Ahmadu Bello tana ƙofar gidanku tun 1962, tana yaye likitoci da lauyoyi da injiniyoyi, amma ka tsallake ta ka hau dutse, ka sha sanyi shekara huɗu don ka koyi halin mutane. Da ka yi shawara da ni, da na ajiye ka a Kantin Kwari ka koya kyauta, har da tuwon rana.

Matso mu yi lissafi, don mu Kanawa ba ma yabon kaya sai mun ji kuɗinsa. Alawus ɗin hidimar ƙasa naira 77,000 ne, shekara ɗaya ka cinye. Mafi ƙarancin albashin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. In ka taki sa'a ka samu aikin gwamnati, mataki na 8 za a ɗora ka, kafaɗa da kafaɗa da mai digirin tarihi, kuma ba za a ƙara maka ko sisi ba don ka san Sigmund Freud. In ba ka samu ba, makarantar kuɗi na jiranka da alli, ko banki ya ɗaura maka taye ya tura ka cikin rana farautar masu ajiya.

Na kuma ji ka fara amsa "Dakta" a Tudun Wada. Ka rufa wa kanka asiri. Likitan ƙwaƙwalwa da ke rubuta magani a asibitin Barnawa ko na Kware ko na Dawanau sai da ya gama karatun likita tukuna, sannan ya ƙara shekarun ƙwarewa. Shi kuwa wanda ke zama da majiyyaci yana warware masa damuwa da magana, ana neman digirinsa na biyu a saikolojin asibiti, da horo a hannun manya. Kwalinka iyakarsa bakin ƙofa. Tun 1964 aka buɗe sashen karatun nan a Jami'ar Nsukka, amma har gobe in ka yi wa Inna bayaninsa sai ta ja ka gefe ta ce, "Ɗan nan, ba dai duba ka koyo ba?"

Zo ka ga inda karatun naka yake haihuwa. Hajiya ta tsaya gaban shago a Kantin Kwari ta ce, "Nawa atamfar nan?" Alhaji mai shago bai kalli atamfa ba. Takalminta ya duba, ya saci kallon jakarta, sannan ya faɗi kuɗin da shi kansa ya san ba za a biya ba. Ta taya rabi, ya ce albarka. Ta juya za ta tafi, ya bar ta ta yi 'yan taku, sannan ya ce, "Hajiya dawo, kawo kuɗin, don ke ce." Ta tafi tana murnar ta yi wayo, shi yana lissafin riba. Wannan dabara ta yadda farashin farko ke kafewa a zuciyar mai saye, Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi rubutu a kanta a 1974, Kahneman kuma ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Kai ka haddace ta ka ci jarrabawa. Alhaji bai taɓa jin sunansu ba, ya sauke farali da ita.

Duk da haka ba zan ce ka yi asarar kuɗin makaranta ba, kada Zagezagi su ce hassada nake. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da Hukumar Ƙididdiga a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na shan miyagun ƙwayoyi. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Cibiyoyin gyaran hali na NDLEA suna buƙatar masu ba da shawara, haka ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a Maiduguri. Kamfanoni ma suna ɗaukar irinku su kula da sha'anin ma'aikata. Aikin yana nan jibge, sai dai kuɗin yana aljihun wanda ya ɗora wani abu a kan digirin farko.

Saboda haka zaɓi biyu gare ka. Ko ka koma aji ka yi digiri na biyu ka zama gwanin gaske, ko ka hau motar Kano ranar Asabar in ba ka tsintsiya da kujera a shago. Kafin ka yanke shawara, kada ka kuskura ka je neman aure da kwalin nan shi kaɗai, don ba a sa shi a lefe.

Naka, ubangidanka Bakano.