Mazauna Zauren Waya da Hausar da Suke Rubutawa

Tun da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001, WhatsApp da aka ƙirƙira a 2009 ya biyo sahu, dattawa da malaman makaranta ke kukan cewa waya ta kashe Hausa. Amma duk wanda ya ƙare wa zaurukan dangi da na tsofaffin ɗalibai kallo zai ga wani abu daban. Waya ta kwaso jama'ar da a da ko wasiƙa ɗaya ba sa rubutawa a shekara, ta zaunar da su suna rubutu tun daga asuba har barci ya sace su. Abin da ake kira lalacewa tsohon giɓi ne da makaranta ta bari, waya kuwa ta yaye masa zane a tsakiyar kasuwa. Shaidun wannan magana suna nan zaune a kowane zaure, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne Malam Taƙaitau, wanda yake rowar wasali kamar da kuɗinsa ya saya. Gaisuwar da Bahaushe kan yi minti biyar yana yi a bakin ƙofa, har da tambayar iyali da gajiya da sanyi, shi ya dunƙule ta ta koma "slm ykk y gd". Idan ya rubuta "zn z gb", sai mai karatu ya yi ta istihara, gobe zai zo ko gaba. Yana da uzurinsa na tarihi, domin tes na da haruffa 160 ne iyakarsa, kana ƙetarewa a caje ka kuɗin biyu. Yanzu data ba ta ƙirga harafi, amma hali zanen dutse. Duk da haka a lura, babu mai iya warware wannan ƙulli sai wanda Hausa ta zauna masa daram a ka, domin shi ne zai cike wasulan da aka zubar.

Kusa da shi akwai Ɗan Ƙwalisa, mai rubuta "xan xo qauye". X ɗin nan ado ne kawai, kamar karya hula. Q ɗin kuwa hujja ce a kan masu kukan mutuwar harshe, domin kunnen yaron ya san kafa daban ƙafa daban, ya duba wayarsa bai ga lanƙwasa ba, ya ari abin da ya samu. Magabata ma haka suka yi ta lalube. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da ɗan waƙafi ya bambanta waɗannan sautuka, kafin ɓ da ɗ da ƙ su kafu a ɗab'in Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Kuma ko a tes, harafi mai lanƙwasa ɗaya tak kan rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70. Wanda ya fi Ɗan Ƙwalisa haɗari shi ne ƙanensa, da ya watsar da lanƙwasa da rabon kalmomi gaba ɗaya. Shi ne zai rubuta wa mahaifinsa "Baba, yaya ya bata kudin", a bar tsoho yana zufa bai sani ba, an ba ta kuɗin ne ko an ɓata su.

Sai Hajiya Mai Murya, wadda tun da aka kawo saƙon murya a 2013 ta yi sallama da haruffa. Saƙonta minti bakwai ne. Za ta gaida kowa da sunansa, ta tsaya ta ce "Kai Abba, sauko daga kan katangar nan!", a ji ƙarar murfin tukunya, sannan a minti na shida ta faɗi cewa an ɗaga biki. Lokacin da aka ƙara maɓallin ninka saurin murya a 2021, 'ya'yanta ne suka fi kowa godiya. Amma a duk zauren babu mai riƙe da Hausa kamarta. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa farin launi da farin rashin ruwa suke kama ɗaya a takarda, a bakin Hajiya kuwa ba sa taɓa haɗuwa. Ta wannan hanya jikan da aka haifa a zangon Kumasi ko a Legas yake jin Sakkwatanci ko Damagaranci daga tushe, kuma wanda bai yi boko ba ya samu wurin zama a zaure.

Ga kuma Ɗan Ingausa mai cewa "zan kira ka later", da takwaransa na Maraɗi mai tsarma Faransanci. Shi aka fi jifa, alhali aro tsohuwar sana'ar Hausa ce. Littafi da alƙalami daga Larabci suke, mota da tebur daga Ingilishi, lakwal daga Faransanci, yau kuma caji da data sun samu ɗaki a gidan. Inda ɓarnar take shi ne wajen Malam Kwafau, wanda tun da Google Translate ya karɓi Hausa a 2013 ya daina tunani da kansa. Zai zuba sanarwar Turanci a inji ya kwaso ya manna, kalmomin duk na Hausa, ƙashin bayan jimlar na Bature, ka karanta sau uku kana jin kamar an sa wa raƙumi kwat.

A can gefe Alƙalin Zaure yana jira da jan biro. Wani zai rubuta cewa shagonsa ya na ci da wuta, shi kuwa ya amsa, "Allah ya kiyaye, amma a haɗe ake rubuta yana." Gaskiya yake faɗa, lokaci ne bai sani ba. A bayansa Ɗan Laɓe ne, wanda shekara uku bai ce uffan ba amma babu saƙon da ya wuce shi. A cikin irinsa akwai ɗan kasuwar Sabon Gari da ɗan bautar ƙasa masu koyon Hausa a ɓoye, suna haɗiyar daidai da kuskure tare, tun da ba a tace musu ba.

A nan ne masu suka suke da magana mai nauyi. Suna cewa yaro kan kwashi Hausar zaure ya kai ta takardar WAEC ko NECO, kuma kuskuren da ido ya saba gani yakan zama daidai. Haka ne. Sai dai wanda aka koya wa ƙa'idar rubutu ya san inda ake sa babbar riga da inda ake zama da singileti, ba ya zuwa ɗaurin aure da kayan barci. Wanda ya je da su, ba a taɓa ɗinka masa rigar ba ne, kuma waya ba tela ba ce. Kayan aikin ma sun samu, domin allon rubutun waya na Gboard yana da tsarin Hausa da haruffanta masu lanƙwasa. Saura malamin da zai shiga aji ya rubuta "yaya ya bata kudin" a allo, ya ce wa ɗalibai su fitar da yaya daga zargi.