Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Injin Baljiyam

Zuwa ga Mai Girma Injin Baljiyam,
Angon kwantena, mai hakimcewa kan tsohuwar taya,
Ta hannun duk dillalin da ke cin la'adarka a yau.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban gajiyar teku (in har ka taɓa ganin teku, za mu zo kan wannan), ina sanar da kai cewa jiya bayan isha'i ka zube ni a bakin titi tsakanin Kwanar Gafan da Kura, da kwandunan tumatir har saman kanta. Da ƙas-ƙas-ƙas ka fara, fitilar baƙin mai ta yi ja, kafin in sauka daga kwalta sai ji na yi gwaram! Yaron motata ya durƙusa ya haska da fitilar waya, sai ga kon-rod ya huda bulok ya leƙo waje, baƙin mai na tsiyaya cikin ciyawa. Tumatir dai ka san ba ya jiran kowa. Kasuwar 'Yankaba ta ci ta watse ba mu, mai janwe kuwa ya yanka mini kuɗin da ya ga dama.

Domin kada ka ce ba a yi maka adalci ba, bari in tuna maka yadda ka shigo gidana. Akori-kurata Hilux ce ta 1991, da injinta na asali 22R, mai cin fetur, silinda huɗu, lita 2.4, kafireta da cen. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar abin da ko mai ƙera shi bai yi mafarki ba, kafin tsufa ya kama shi, ya fara shan baƙin mai yana busa shuɗin hayaƙi. Da na ce zan canja, duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya zama malami.

Wasu suka ce in koma dizal, in ɗora 3L mai lita 2.8, ga ƙarfin jan kaya ga tattalin mai. Gaskiya ne, amma sai an sake kujerar inji, an nemo abin da zai haɗa shi da giyabos, an wanke tanki, sannan in riƙa ƙirgen kilomita saboda bel ɗin taimin da ake canjawa a 100,000, wanda in ya tsinke a guje sai bawul da fistin su yi karo. Kuma litar gas ba sadaka ake ba da ita ba. Wasu suka ce 3RZ, lita 2.7, mai injekta. Shi kuma da birenbos yake tafe da tulin wayoyi, ranar da ya yi fushi a ƙauye babu mai jin yarensa. Bakanikena, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce a buɗe tsohon, a kai karanshaf gurandin, a sa sabon ringi da metal da cen. Sai majalisa ta yi masa ca, wai injin da aka buɗe a gida ya gama yawo, a nemi wanda hannun Bature ne na ƙarshe a kansa.

Nan aka kai ni gabanka. Kana zaune fes, kana ƙyalli, ko ɗigon maiƙo babu. Maigidanka ya dafa ƙirji ya ce, “Wallahi Alhaji giredi wan ne, ko fulogi ba a taɓa kwance masa ba. Wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da shi.” Aka jona batir, aka tsiyaya fetur a kafireta, ka yi ruri na minti ɗaya a ƙasa, ba lagireto ba salansa, yaran shago na tafi. Garanti? Sati guda, kuma daga ranar da aka ɗora ka a baro ake ƙirgawa, ba ranar da ka shiga mota ba. Kuɗinka kuwa da dala aka auna shi, tunda aka saki naira a Yunin 2023 ko mai sayar da wosha da dala yake rantsuwa. Na biya, suka haɗa da tsohon injina a matsayin ciko.

To yau da hantsi an kwance ka a gareji, ina tsaye.

Ina so ka yi mini bayanin tsohuwar nan. Wace irin tsohuwa ce a Turai take liƙe murfin inji da jan gam, kauri guda, har ya tsattsafo ya toshe rariyar famfon mai? A wane gari na Baljiyam ake da jar ƙasa irin wadda muka kankaro a bayan fulawil? Ɓawon gyaɗar da ya faɗo daga kwarin manifol fa, a tashar jirgin ruwa ta Antwerp ake noma ta? Ƙusoshin sam ɗinka kowanne da ƙabilarsa, wani lamba goma sha biyu, wani sha uku, ɗaya ma na keke ne ko na injin markaɗe, Allah masani. Abin da ya sa bakanike ya cire hula ya zauna shi ne da ya zare metal na uku. A bayansa aka samu yankin gwangwanin madara, an yanke shi da almakashi, an shimfiɗa don ya cike giɓin karanshaf da ya cinye. Rubutun gwangwanin na nan raɗau. An ɗura maka baƙin mai mai kaurin kunu don ya danne ƙarar har sati ya cika, kuma ka cika alkawarinsu, ba ka buga ba sai da garanti ya ƙare.

Kai, maƙaryaci! Ko Kwatano ba ka taɓa zuwa ba. Ɗan gida ne kai, an yi maka wankan fetur da omo, an goge ka da burushin waya, an fesa maka fenti ruwan azurfa, an ɗora ka kan taya kana yi wa mutane kallon baƙo. Kuma ko a cikin 'yan gida kai tsoho ne. Masu ƙera 22R sun sake masa fasali a 1985, suka rage tsayin bulok, suka canja kan silinda, har ramukan fitar hayaƙi suka tashi daga zagayayyu. Naka zagayayyu ne. Wato ka girmi motar da aka ce ka zo ka yi wa jinyar tsufa! Na sallami dattijo, na biya kuɗi na ɗauko yayansa. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Da na kira maigidanka, cewa ya yi direba ne ya bar ka ba ruwa. Ni ne direban. Da na ambaci gwangwani sai ya ce ai Turawa ma suna shan madara, sannan layi ya katse.

Sauran laifuffukanka ba zan tsaya dogon lissafi ba. Fetur kana shan sa kamar ba ka ji labarin 29 ga Mayun 2023 ba, ranar da aka ce tallafi ya tafi. Da sanyin safiya sai an tura ka. Lambarka ta saɓa da ta takardun mota, kowane shinge sai na yi bayani da hannu a aljihu. Masu ba ni shawarar a maida kai mai amfani da iskar gas ta CNG kuwa, su zo su ga inda za su ɗaura tukunyar.

'Yan gwangwan sun zo sun taya ka a kilo, na ce su dakata. Tsorona kada ka fita ta ƙofar gareji a matsayin ƙarfen awo, wani ya toshe hudar nan da walda, wata mai zuwa in gan ka kan taya da sabuwar tsohuwa.

Yanzu ga saƙon da zan ba ka, tunda kun san juna a wurin wanka. Injina na asali yana hannun mutanenka, kuma na tabbata zuwa yanzu shi ma ya zama Bature. Gobe zan shiga kasuwa layi-layi ina nemansa. Zan gane shi, akwai tabon walda a kunnen da ke riƙe altaneta, ni na tsaya aka yi shi. Ka gaya masa in ya hango ni kada ya yi mini Turanci. Na san za a ce jiya aka sauke shi daga jirgi, za a kuma tsuga mini ninkin abin da aka karɓe shi, zan yi ciniki har la'asar, in ɗauko abina in miƙa wa dattijon nan ya yi masa ringi.

Naka wanda bai yafe ba,
Mai akori-kura, a inuwar gareji.