Sarkin Wata Uku da Sulen da Bai Buga Ba

Daga cikin masu tara tsoffin sulallan Daular Rum akwai waɗanda babban burinsu shi ne haɗa Kaisarori goma sha biyu, wato jerin masu mulkin da marubucin tarihi Suwetoniyus ya kawo labarinsu, tun daga Yuliyus Kaisar har zuwa Domishiyan wanda aka kashe a shekarar 96 Miladiyya. Inda gizo ke saƙar shi ne shekarar 69, wadda sarakuna huɗu suka yi mulki a cikinta ɗaya bayan ɗaya, musamman Oto, wanda ya hau a watan Janairu, ya kashe kansa a Afrilu bayan rundunarsa ta sha kashi a Bedriyakum. Wanda ya yi sarautar wata uku ba ya barin kuɗi da yawa, saboda haka gurbinsa ne yake daɗewa wayam a akwatin mai tarawa.

Irin wannan gurbi ne ya hana wani bawan Allah barci, har ranar da wani dillali ya nuna masa sestartiyus, wato ƙaton sulen tagulla wanda huɗunsa ke daidai da dinariyus ɗaya na azurfa, ɗauke da fuskar Oto da gashinsa a jere layi-layi. Suwetoniyus ya ruwaito cewa sarkin mai sanƙo ne da ke rufe kansa da gashin aro, don haka mutumin ya ɗauki tsarin gashin a matsayin hujjar sahihanci, bai tsaya ya lura cewa hujjar tasa ita kanta shaidar yaudara ce ba. Ya biya ba tare da neman ragi ba, don gudun kada dillali ya farga da arahar da ya yi, ya kuma mance cewa araha ba ta ado.

Masanin da aka kai wa sulen domin ya yaba, ba domin ya bincika ba, ya bayyana cikin ladabi cewa gidan buga kuɗi na birnin Rum zinariya da azurfa kaɗai ya buga wa Oto, na tagulla kuwa sai a larduna irin su Antakiya da Iskandariya. Ya ƙara da cewa Giovanni da Cavino, wani gwanin maƙeri na birnin Padua a Italiya wanda ya rasu a 1570, yana cikin waɗanda suka cike wa masu sha'awa wannan giɓi da sulallan ƙirarsu. Nan take mai sule ya farfaɗo, domin aikin Cavino ma abin tarawa ne mai daraja. Sai dai masanin ya juya gefen sulen ya nuna masa layin haɗi da ƙananan ramuka, alamar zubi ne aka yi, alhali Rumawa da Cavino duk bugawa suke yi da hatimin ƙarfe. Abin da ke hannunsa, a taƙaice, jabun jabu ne.

Da aka koma wa dillali da ƙorafi, sai ya kafe cewa shi bai taɓa cewa Oto ne ya buga sulen ba, abin da ya faɗa kawai shi ne fuskar Oto ce a jiki, kuma a kan wannan batu har masanin bai musa masa ba.