Mutanen Ɗakin Dokokin Wasa

A ɗakin da ake rubuta manhajar wasan karta, rigimar ba ta wuce guda: wannan kati ya ce a ƙara maki 2, wancan ya ce a ninka. Mai maki 3, in ya ƙara sannan ya ninka, 10 ke nan. In ya fara ninkawa, 8. A kan wannan 'yar tazara ake gane halin kowa.

Akwai Malam Idan. Kowace doka aka kawo, sai ya liƙa mata sharaɗi: idan kati kaza na ƙasa, idan ba a riga an ninka ba, sai fa idan abokin karawa ya hana. Kafin shekara ta zagayo, shi kansa sai ya yi bisimilla yake buɗe fayil ɗin. Wasan dai yana tafiya, wannan ba a ƙwace masa ba.

Sarkin Tsari kuwa ba zai taɓa kati ko ɗaya ba sai ya gina injin da zai ɗauki kowace doka, har ta wasan da ba a ƙirƙiro ba. Allonsa cike da akwatuna da kibiyoyi. Yaushe za a buga? "Saura ƙiris."

Sai Alƙali, wanda ya haddace doka ta 613 ta Magic: The Gathering, wasan da Richard Garfield ya ƙirƙiro, ya fito a 1993. Dokar ta jera sauye-sauye hawa bakwai: kwaikwayon kati a farko, ƙarfinsa a ƙarshe, launi da iri a tsakiya. Tsautsayi ya kai ka tambayarsa yadda katunan Humility da Opalescence ke karawa, to shayinka ya huce. Abin haushin, shi ke da gaskiya, ranar da lissafi ya rikice ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa.

Ɗan wayo ya kalli wasan Balatro na 2024, inda jokoki ke aiki daga hagu zuwa dama, mai wasa ya jera abinsa. Ya sauke wa ɗan wasa kayan, ya tafi cin abinci.

Maigida shi ma yakan leƙo ana gobe sakin wasa: "Ɗan gyara ne kawai, katin da zai soke duk sauran."

Can lungu ga mai gwaji, ba ta magana. Ta haɗa kati biyu, kowanne na tayar da ɗan'uwansa ba tsayawa, kwamfuta ta sandare. Ta cire abin kunne ta ce, "Malam Idan, ɗan zo mana."